Furanni a Wuyan Mai Rai

Ko da na shigo zauren nunin zane, sun riga sun ɗage zanen daga ƙusa ɗaya. Ya karkace yana lilo a kan ɗayar, ƙarti huɗu suna tallafe da gindinsa. Na yar da jakata, na ruga na rungume kusurwar katakon da hannu biyu.

"Ku sake shi!"

Babu wanda ya saki. Amma babu wanda ya ja, don duk cikinsu ba mai iya fizgar abu daga hannun 'yar Wastad, malaminsu na kokawa. Suka juya suna duban shugabansu.

Sarjerao Powar na tsaye a tsakiyar zauren, hannuwa a ƙugu, gashin bakin nan ya sha mai. Shekara goma sha huɗu ya yi yana kwana a gidan kokawar mahaifina, yana cin abincin mahaifiyata. Dada, wato babban wa, nake ce masa tun ban san ba ciki ɗaya muka fito ba. Yanzu shi ke riƙe da gidan kokawar, tun ranar da ɓarin jikin Aba, mahaifin nawa, ya shanye.

"Tai, matsa gefe," ya ce, da sunan girmamawar da 'yan kokawar ke kira na da shi, kamar a ce yaya. "Ba da ke muke yi ba."

"Da wa kuke yi? Da bango?"

"Za mu kai shi gida a lulluɓe. Ba za mu yaga ba, ba za mu ƙona ba. Amma mutanen garin nan na Kolhapur ba za su shigo da ƙarfe sha ɗaya su tarar da Wastad Pandurang Salokhe a haka ba."

"A yaya?"

Ya nuna zanen da haɓa kawai.

Wata huɗu na yi ina zanen nan. Tsawonsa ƙafa takwas. Aba ne zaune a kan farar kujerar roba a ɗakinmu na ciki, daga shi sai jan bantensa na kokawa. Fatar ƙirjin ta saki. Hannun hagu ya lanƙwashe a kan cinya kamar reshen da ya bushe, gefen baki ya zube, har danshin yawun na saka, don yana nan. Hannun dama a buɗe yake a kan gwiwa. Kansa a sunkuye, idanunsa na kallon ƙasa. A bayansa, a bango, na zana kulkin azurfar da ya ciwo shekara arba'in da suka wuce, da ɗan tsohon hoton karawar da ta ba shi kulkin. Hoton nan bai fi tafin hannu ba, Aba bai taɓa yarda an fitar da shi daga ɗakin ba. Sai da na sa gilashin ƙara girma na bi shi ɗigo-ɗigo, na mayar da shi kamar faifai.

Ƙarar takalmi mai tsini ta taho daga ofis. Madam Firoza ce, mai zauren, wadda ta baro Mumbai ta zo ta koya mana kallon zane. Waya na kunnenta, fuskarta kuwa har wani haske take yi.

"Mrunal, kada ki saki! Na kira 'yan jarida. Wannan shi ne ainihin abin da zanen yake faɗa, ga shi yana faruwa a gabanmu!"

"Yawwa, ga ta nan," in ji Sarjerao. Ya zaro jaridar Lahadi daga aljihu, ta sha ninki har ta yi laushi. "Madam Mumbai, ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, kuma ban janye ko kalma ba."

Ya karanta da ƙarfi, yana bin layi da yatsa. "Ƙarshen mulkin ƙarti. 'Yar da aka hana taka ƙasar kokawa ta rama da burushi. Dubi yadda tsohon zakin ya sunkuyar da kai, ya san an ci shi." Ya ɗago. "An ci shi! Wastad! Mutumin da bayansa bai taɓa shan ƙasa ba!"

Yaran suka yi gurnani. Ɗaya ya tofar da yawu gefe, ya tuna ba a gidan kokawa yake ba, ya goge da ƙafa.

"Tai, gaya mini gaskiya," Sarjerao ya ce, muryarsa ta sauka. "Ramuwa ce?"

Tambayar ta same ni inda ban shirya ba. Gaskiya ne an hana ni. Ina shekara bakwai na sa ƙafa ɗaya a cikin jar ƙasar nan da ake kwaɓawa da man shanu da kurkum, Aba ya ɗauke ni da hannu ɗaya ya ajiye a waje, ya sa aka kwashe wurin da na taka. Daga ranar sai taga. Shekara ashirin ina zaune a tagar nan da takarda da gawayi.

"Ban rubuta jarida ba, Dada. Zane na yi."

"To me zanen ke nufi?"

"Ga shi a gabanka. Idonka biyu."

"Na gani! Na ga dattijon da kunya ta hana ɗaga kai, 'yarsa ta tuɓe shi a kasuwa."

"Ita ta ga wanda aka ci, kai ka ga wanda ya ji kunya. Ku je ku sha shayi tare, ai bakinku ɗaya."

"Allah ya kiyaye," in ji Madam Firoza.

"Ni ma haka," in ji Sarjerao.

"Ki yi musu bayani mana, Mrunal," Madam ta matso tana raɗa. "Jimla biyu kawai. Ki ce jiki ne fagen..."

"Madam, da jimla biyu za su isa, da ban ɓata wata huɗu da fenti ba."

Na sa kafaɗa na tura katakon sama. Nauyinsa ya kusa karya ni, amma ya koma kan ƙusarsa, ya zauna daram. Na juya na jingina bayana da bango a ƙarƙashinsa.

"Wanda zai sauke shi sai ya fara ɗauke ni. Ka iya ai, Dada. Ka ga yadda ake yi tun ina shekara bakwai."

Sarjerao ya yi wa ɗaya daga cikin yaran magana a kunne, yaron ya fita da gudu. Ya aiki wasu biyu, su ma suka fita. Takalmansu na fata suna ƙara har bakin titi.

Na farkon bai jima ba ya dawo daga wajen masu furen ƙofar haikali, riƙe da doguwar sarƙar furanni ruwan ɗorawa, har ruwa na ɗiga daga jikinta. Da na gan ta sai na gane: irin wadda ake rataya wa hoton mamaci ce.

"Dada, kada ka kuskura."

"Kin ce ba za a sauke ba. To, ba za a sauke ba." Ya karɓi furen. "Amma wannan da ke jikin bango ba Wastad ɗinmu ba ne. Namu ba ya sunkuyar da kai. In wannan ne ya rage, to namu ya tafi, kuma za mu yi masa abin da ake yi wa wanda ya tafi."

"Da safen nan na ba shi madara da hannuna!"

Ya jawo benci ya hau. Na kama ƙafar wandonsa, ko gezau. Ya miƙa hannu ta saman kaina ya rataya furen a kusurwa biyu na katakon, sarƙar ta sauko ta kwanta a ƙirjin Aba. Ya sauko, ya haɗa tafin hannu, ya sunkuya. Yaran duka suka yi yadda ya yi.

Ko Madam Firoza sai da ta sauke wayar daga kunne.

A lokacin har an buɗe ƙofa. Mutane sun fara shigowa, malaman makarantar zane da ɗalibansu, da 'yan unguwa da suka ji hayaniya. Wata tsohuwa mai sayar da ganye ta hango furen daga bakin ƙofa, ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Wastad ya rasu? Yaushe? Shekaranjiya fa na wuce ƙofar gidansu!"

"Bai rasu ba, Iya!" na ɗaga murya. "Yana gida!"

Ina! Magana ta riga ta fita titi. Ina jin ta tana tafiya daga baki zuwa baki, har mai shayin tsallake ya kashe rediyonsa.

Na yi tsalle in fizgo furen, yatsuna ba su kai ba. Na nufi bencin, wani ƙato ya zauna a kai ya naɗe hannu, yana kallon rufi.

"Ki bar shi, Tai," in ji Sarjerao. "Na aika a ɗauko mai shi. Tunda zane ba ya magana, ke ma ba kya magana, shi ya faɗa. In ya ce a sauke fa?"

"Ba zan sauke ba."

"Ko shi ya faɗa?"

"Ko shi ya faɗa. Jikin nasa ne, zanen nawa ne."

Bakina ne ya faɗi haka. Wata huɗu Aba yana zama mini kullum da hantsi, bai taɓa cewa in juyo da ƙyallen ya gani ba, ni ma ban taɓa tayi ba. Na ce masa ya sa riga, ya ƙi. Na ce ya zauna yadda ya ga dama, ya zauna haka, kullum haka, ba ya sauyawa. Amma zama daban, ganin kanka ƙafa takwas a bango da yawu a gefen baki daban. Ga kuma wata matsalar: tun da ciwon ya same shi, ni kaɗai ke gane maganarsa. Duk abin da ya faɗa, ta bakina zai fito, kuma ba wanda zai yarda da ni.

Keke mai ƙafa uku ya tsaya a waje. Jama'a suka dare. Yaran nan biyu suka shigo ɗauke da shi a kan farar kujerar robar, ita dai, sun yafa masa mayafi. Tsohuwa mai ganye ta ƙwalla ƙara ta faɗa jikin na bayanta.

Suka ajiye shi a gaban zanen.

Aba ya ɗaga kai a hankali. Ya fara daga ƙasa, daga ƙafafu, ya hau. Ya tsaya a hannun hagu. Ya tsaya a baki. Da ya kai kan furen sai idonsa mai lafiya ya ƙanƙance. Zauren ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwan furen a kan siminti.

Ya yi wani sauti daga maƙogwaro.

"Me ya ce?" in ji Sarjerao.

"Ya ce wa ya mutu."

"Ƙarya kike, Tai."

"To tambaye shi da kanka."

Sarjerao ya matso, ya haɗa hannu. "Wastad, ka gafarce ni. Ni na sa. Ka dubi yadda aka yi da kai. Ka dubi idon nan, ƙasa yake kallo kamar ɓarawon da aka kama. Ka ɗaga mana yatsa ɗaya kawai, yanzu mu sauke shi."

Aba bai ɗaga yatsa ba. Ya ture mayafin daga kafaɗa da hannun dama, ya faɗi ƙasa. Bante ne a jikinsa, jan nan. Ashe tun a gida ya sa suka ɗaura masa. Ya gyara zama, ya ja ƙafar dama baya kaɗan, ya buɗe hannu a kan gwiwa, ya sunkuyar da kai.

Wata ɗaliba ta ce, "Kai! Ga zanen nan ya sauko."

"Kun gani?" Madam Firoza ta raɗa wa na kusa da ita. "Ya amsa da kansa. Ya miƙa wuya."

Aba ya motsa yatsu biyu: zo.

Sarjerao ya zo. Kamar yadda ya saba yi kowace safiya tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ya duƙa zai taɓa ƙafar malaminsa.

Ban ga farkon abin ba, ni da na san yana zuwa. Hannun nan da ke buɗe a kan gwiwa ya tashi ya cafki ƙeyar Sarjerao. Babban yatsan ƙafar dama, wanda ya kafe a siminti, ya saki, ƙafar ta zagaya bayan idon sawunsa ta ɗauke. Ja ɗaya, juyi ɗaya. Mutum mai nauyin buhun shinkafa biyu ya tafi gefe guda, ya faɗi rigingine, tim! Har katakon zanen ya girgiza a bango.

Sarjerao na kwance, kafaɗu biyu a ƙasa, baki buɗe. Daga inda yake kwance, zanen yana kansa sosai. Na ga idonsa ya tafi can, ya tsaya, ya ƙara buɗewa.

"Ƙafata," ya ce a hankali. "Ƙafata yake kallo."

"Sannu da zuwa, Dada," na ce.

"Ba ƙasa yake kallo ba! Ku zo nan, ku zo ku tsaya nan, jakai!" Ya tashi zaune yana yafito yaransa. "Kai, tsaya a gabansa. Ina idonsa yake? A idon sawunka! Dubi yatsan ƙafar, ya kafe. Dubi hannun. Wannan ai zaman jiran kaye ne! Duk wanda ya tsaya gaban zanen nan, an riga an zaɓi ƙafar da za a ɗauke masa!"

Yaran suka yi layi suna tsayawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tsaya sai ya ja ƙafarsa baya ba tare da ya sani ba. Tsohuwa mai ganye ta fashe da dariya har da hawaye.

"Shekara goma sha huɗu kana cikin ƙasar," na ce wa Sarjerao, "ni ina taga. Wa ya fi kallo?"

"Ki bar ni da abin da ya same ni, Tai. A gaban yarana fa."

Aba ya sake yin sauti, yana nuna sama. Wannan karon ba wanda ya nemi fassara. Sarjerao ya tashi zai hau benci, Aba ya buga hannun kujera: a'a. Ya miƙo mini hannu.

Na shiga ƙarƙashin hammatarsa. Shekara biyu rabon da ya tsaya a gaban mutane. Ya tashi, yana rawa, nauyinsa duka a wuyana, ƙamshin man kwakwar da na shafa masa da safe yana hancina. Taku ɗaya. Taku biyu, yana jan ƙafar hagu. Ya miƙa hannu ya kama sarƙar furen daga inda ta sauko, ya fizga. Zaren ya tsinke, furanni suka watse a siminti.

Ya juya ga jama'a. Ya tattara bakinsa da ƙyar, jijiyar wuyansa ta miƙe, kalmomin suka fito ɗaya-ɗaya, kowa ya ji.

"Ban... mutu... ba."

Zauren ya ɗauka. Yaran suka shiga dukan cinya da tafin hannu yadda suke yi kafin karawa, ƙarar ta cika ɗakin. Na mayar da shi kujera. Bai saki hannuna ba. Ya jawo ni, ya yi magana a kunnena, irin wadda ni kaɗai ke ganewa.

"Wa ya koya miki zaman nan?"

"Taga, Aba."

Ya dubi zanen, ya ce, "Yawun ya yi yawa."

"Haka yake."

"Rage shi."

"Ba zan rage ba."

Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Ya sake ni.

Madam Firoza ta riga ta tare ɗan jaridar farko a bakin ƙofa. "Abin da nake faɗa ke nan tun farko," ina jin ta, "jikin da ya ƙi miƙa wuya..."

"Madam Mumbai," Sarjerao ya ce yana kakkaɓe wandonsa, "in kin gama, zo ki tsaya nan gabansa. Minti ɗaya kawai."

"Na gode, daga nan ma ina gani."

Ina durƙushe ina tattara furannin ne na lura hayaniyar tana mutuwa daga wajen ƙofa, kamar ana rufe famfo. Na ɗago.

Wani dattijo ne ya shigo, dogo, har sai da ya sunkuya a ƙofa. Farin rawani irin na mutanen arewa, ƙurar jirgin ƙasa a rigarsa, ƙaramar jakar ƙarfe a hannu. Kunnuwansa a murɗe suke kamar na Aba. Bai gaishe da kowa ba. Bai ko dubi fuskar da ke zanen ba. Ya wuce kai tsaye zuwa gefen hagu, ya ɗaga sandarsa ya nuna ɗan hoton karawar da na zana a bayan kujera.

"Wa ya yi wannan?" Harshensa na can arewa ne, wajen garin Rohtak, mai kauri.

"Ni ce, Kawu."

"Kin ƙara wani abu? Kin rage?"

"Ba na ƙarawa, ba na ragewa. Tambayi mutanen nan."

"Madalla, 'yata." Ya matsa da kan sandar kusa, daidai kafaɗar mutumin da Aba ya danne a hoton. "To ku matso ku duba. Wannan farin layin da ke tsakanin kafaɗa da ƙasa, mene ne?"

Na san layin. Kwana biyu na yi ina gyara shi. Siririn haske ne, bai kai kaurin yatsa ba.

"Haske ne," na ce.

"Haske ne." Ya ajiye jakarsa a ƙasa. "Kafaɗar da ta taɓa ƙasa, haske ba ya bi ta ƙarƙashinta. Sunana Hukam Sangwan. Ni ne na ƙasan nan. Shekara arba'in ina faɗa ana ce mini mai ƙorafi, sai ranar Lahadi jikata ta nuna mini zanen nan a waya. Kwana biyu na yi a jirgi." Sai a lokacin ya juya ga kujerar. "Pandurang. An ce mini a tasha ka mutu da safen nan. Na ji daɗi da ba haka ba ne. Kulkina na zo karɓa."

Sarjerao ya dube ni. Ni na dubi Aba.

Aba ya ja ƙafar dama baya kaɗan, ya buɗe hannu a kan gwiwa, idonsa ya sauka a kan idon sawun baƙon.